Cinikin tsofaffin kayan ƙawata gida a wani baje koli na Ingila

Akwai wani nau'in kayan gida da mutanen Ingila suka yi yayi daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1970, daga baya suka raina shi suka tura shagunan gwanjo, yau kuma jikokinsu ne ke bin sa da kuɗi a hannu. Kaya ne masu ruwan launi da son a gani: agwagin tangaran guda uku da ake jerawa a bango suna tashi sama, mazubin ƙanƙara mai siffar abarba, agogon bango mai tsinkaye kewaye da shi, tulun fure ruwan lemo mai kaushin jiki, kwanonin gilashi masu zanen furanni. Ba kayan fada ba ne, da yawansu a kantunan talaka irin su Woolworths aka fara sayar da su. Na rubuta yadda cinikinsu ya kasance mini a wani baje koli, tun daga tikiti har zuwa naɗe kaya, domin 'yan uwa mazauna can da masu zuwa hutu su san abin da za su tarar.

Abu na farko shi ne zaɓen kasuwar, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai manya na dillalai, irin na Newark a gundumar Nottinghamshire da na Ardingly a kudancin Landan, inda rumfuna ke kai ɗaruruwa har dubbai, da kuma na filin sukuwa na Kempton da ke ci ranar Talata sau biyu a wata tun da asuba. Akwai ƙanana na cikin gari da ake yi a zauren taro, masu kiɗa da shayi, inda aka riga aka wanke kaya aka jera su da kyau, farashin ma an wanke shi. Sannan akwai kasuwar bayan mota ta ranar Lahadi, inda mutane ke sayar da tsofaffin kayansu daga but ɗin motarsu, wadda ta fi kowacce araha amma sai an tona tarkace da yawa. Wadda na je matsakaiciya ce, ta yini ɗaya, a wani filin nunin amfanin gona a tsakiyar ƙasar, rabin rumfunan a cikin manyan ɗakuna, rabi a fili. Tikiti kala biyu ne: na sammako fam 10 daga ƙarfe takwas, na gama-gari fam 5 daga ƙarfe goma. Na sayi na sammako ta intanet, aka turo lambar da za a duba a waya. A ɗauki hoton lambar a ajiye tun daga gida, domin a irin waɗannan filayen sabis na waya rauni gare shi, musamman idan jama'a sun taru.

Shirin daren jajibiri shi ne rabin aikin. Na auna faɗin kantar kicin da tsayin da ke tsakanin katakanta, da faɗin bangon da agogo zai hau, na rubuta a takarda, domin a fili komai ƙarami yake bayyana. A jaka na sa tef ɗin awo, ƙaramar tocila, wata tocilar mai hasken shuɗi irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, mayen ƙarfe, batura manya da ƙanana, tsofaffin jaridu, leda mai ƙurajen iska da salatif, da jakar kasuwa mai taya. Kuɗi kuma tsaba, fam biyar-biyar da goma-goma da 'yan tsabobi. Yawancin masu rumfa suna da na'urar karɓar kati, amma tana yawan ƙin aiki a fili, kuma ragi ya fi sauƙin fitowa idan mai kaya ya ga kuɗi a hannu. Mai zuwa daga gida da ragowar kuɗin tsohuwar tafiya ya duba su da kyau: fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki bayan 30 ga Satumba 2022, na roba ne kawai ake karɓa, haka tsohon tsabar fam ɗaya mai zagaye ya fita tun Oktoba 2017. Babu mai rumfar da zai karɓe su.

Na isa wajen bakwai da rabi, na tarar layin motoci ya riga ya miƙe, ajiye mota kyauta ne amma a kan ciyawa mai laima. Takalmin da bai jin tsoron taɓo ake so, da rigar sanyi ko da rani ne. Mun tsaya a layi kamar rabin awa, akasarin mutanen da ke gabana dillalai ne masu shaguna ko masu sayarwa ta intanet, ana gane su da manyan jakunkuna da rashin hira. Da aka buɗe ƙofa aka duba lambar, aka ɗaura mana zaren takarda a wuyan hannu, wanda da shi ake fita a dawo, don haka kada a tsinke shi. Minti goman farko akwai ruɗani, ido ya rasa inda zai sauka, ga mutane na sauri kamar sun san inda aka ɓoye abu. Dillalan duk fili suka nufa, ba ɗakuna ba, kuma da dalili. Masu rumfar fili kuɗin wurinsu kaɗan ne, da yawansu masu kwashe kayan gidajen da aka tashi ne, kayansu na cikin kwali ba a tantance ba, farashi kuma a baki yake. Masu ɗaki ƙwararru ne, kowa da fanninsa, sun san darajar kowane faranti, kuma kayansu ba sa ƙarewa da wuri. Saboda haka fili ake fara bi, ɗaki ya biyo baya.

Ana yawan ba da shawarar a zaga duka kafin a sayi komai. Wannan gaskiya ne ga kayan da suke da yawa, amma ga abin da ya zo guda ɗaya a farashi mai kyau, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ka'idar da ta yi mini aiki ita ce: abin da na gani a rumfa biyu ko uku, zai jira, abin da ban sake gani ba, in duba shi nan take in yanke shawara. Idan an ɗauki abu ana dubawa, kada a ajiye shi sai an gama tunani, domin al'adar wurin ita ce wanda abu ke hannunsa shi ke da haƙƙin ciniki, da zarar ya taɓa tebur ya zama na kowa.

Rumfar da na fi daɗewa ta Pyrex ce, waɗannan kwanonin farin gilashi masu kauri da zane a jiki. Na Ingila kamfanin Jobling ne ya yi su a Sunderland, ya fara a 1922, masana'antar kuma ta rufe a 2007. Masu zanen launi sun fito ne daga shekarun 1950, kuma idan aka kifa kwanon za a ga haruffan JAJ da hoton kambi a gindinsa. Na Amurka daban ne, sun fi tsada a Ingila saboda ƙarancinsu, jerin kwanoninsu na kwaɓi guda huɗu suna ɗauke da lamba 401 zuwa 404. Dubawa hawa uku ce. Da farko a ɗaga kwanon a saitin haske a leƙa ta ciki, duk inda fenti ya karce haske zai ratso. Na biyu a shafa bayan da yatsa: mai lafiya santsi ne da sheƙi, wanda ya sha injin wanke kwanuka kuwa ya dushe ya yi gari-gari kamar alli, kuma wannan ba ya gyaruwa. Wasu masu sayarwa kan shafa masa ɗan mai ya yi ƙyalli na yini guda, don haka idan yatsa ya fito da maiƙo a san inda aka dosa. Na uku a bi bakin murfi da farce a hankali, ciki da waje, nan ne ƙananan ɓantarori ke ɓuya, ido ba ya ganinsu amma farce na jin su. A kuma rufe a girgiza kaɗan, domin sau da yawa murfin na wani kwanon ne aka haɗa. Na sami mai ruwan shuɗi da zanen ƙanƙara fari, da murfinsa na asali, an rubuta fam 22.

A nan ne ciniki ya shigo, kuma ya bambanta da wanda muka saba a Kurmi ko Kantin Kwari, inda za a iya taya rabin kuɗi a yi ta ja ana raha har a daidaita. A nan wanda ya taya rabi an ɗauke shi mai raini, sau da yawa maganar ta ƙare ke nan. Tambaya ɗaya ake yi, cikin ladabi, a ce mene ne farashinka na ƙarshe, shi kuma ya rage kamar kashi goma cikin ɗari, wani lokaci goma sha biyar. Idan an haɗa abu biyu ko uku a rumfa ɗaya ragin ya fi haka. Idan an ga aibi, a nuna shi da yatsa ba tare da kushe kayan ba. Matar ta ce fam 20, na nuna mata wani ɗan karce kusa da hannun kwanon, ta sallama a 18. A takardar farashi akwai alamomi biyu da ya kamata a sani. Harafin T da lamba a gefe, misali T3, yana nufin mai kaya ya yarda a rage fam 3 ga dillali, kuma galibi duk wanda ya tambaya zai samu. Haruffan A/F kuwa gargaɗi ne cewa abin yana da aibi kuma a haka ake sayar da shi, ko da ba a faɗi inda aibin yake ba. Idan an gan su, a tambaya a nuna wurin.

Duk abin da ya wuce fam 20 na nemi rasit, da sunan mai rumfa da lambar wayarsa da kwanan wata da bayanin abin kamar yadda ya faɗa da baki. Dokar kare mai saye ta 2015 ta wajabta wa ɗan kasuwa kayansa su dace da yadda ya siffanta su, amma ba ta ba mai saye damar mayar da abu don ya sake ra'ayi ba idan ido da ido aka yi cinikin. Kuma da yamma rumfar ta naɗe ta koma wani gari. Don haka a aikace duk kariyar mutum tana cikin duban da ya yi kafin ya miƙa kuɗi. Kaya masu nauyi ba sai an yi ta yawo da su ba, masu rumfa na yarda su naɗe su ajiye a ƙarƙashin tebur da sunan mai su. A ɗauki hoton rumfar da lambar layinta, domin bayan awa uku duk tantunan kama suke yi da juna.

Tangaran shi ne fannin da ya fi faɗi, kuma shi ya fi tarko. Kowane abu kifa shi ake fara yi, gindinsa ne ke ba da labari. Tulunan fure na Jamus ta Yamma, na kamfanoni irin su Scheurich da Bay, suna da lambobi biyu da ɗan layi a tsakani: ta farko lambar siffa, ta biyu tsayin tulun a santimita. Idan an rubuta 28 a ƙarshe, tef ya nuna 28. Idan ya gaza sosai, wataƙila an goge bakin da ya fashe an daidaita shi. Rubutun W. Germany kansa galibi alama ce cewa an yi abin kafin haɗewar Jamus a 1990. Na sayi ɗaya ja da baƙi a fam 20. Gwangwanayen tangaran na Hornsea masu murfin katako, na shayi da sukari da gari, sun kasu da suna: Heirloom na 1967, Saffron na 1970, Bronte na 1972, duka zanen John Clappison, kamfanin kuma ya rufe a 2000. Matsalarsu robar da ke kewaye da murfin ce, tana bushewa ta tsattsage, amma ana sayar da sabuwa da araha, don haka wannan dalilin neman ragi ne, ba dalilin fasa saye ba. Uku na Saffron sun zo mini a fam 30. Farantan Homemaker, baƙi da fari masu hotunan kujeru da fitilu, waɗanda Enid Seeney ta zana aka sayar a Woolworths daga 1957 zuwa 1970, suna da yawa, biyu na saya, fam 10 kowanne. Butar shayinsu ce mai wuyar samu da tsada. Akwai kuma alamomin shekaru na gaba ɗaya. Tsohon farashi da sule da kwabo a jikin kwali yana nufin kafin 15 ga Fabrairu 1971, ranar da Birtaniya ta sauya lissafin kuɗinta. Rubutun da ke cewa abin na shiga maikurowef, ko layukan lambar kanti da ake haskawa, suna nufin abin bai kai tsufan da ake faɗa ba idan an ce na shekarun 1950 ne.

Tsaga kuma da kunne ake kama ta. A ɗora farantin a kan yatsu a ƙwanƙwasa bakinsa da farce: mai lafiya zai yi ƙara mai tsawo, mai tsaga zai yi bif. Gyara ya fi wuyar ganewa. Agwagin bango, waɗanda na kamfanin Beswick suka fi daraja, kusan kullum a wuya da baki da ƙarshen fiffike suke karyewa, masu gyara kuma sun iya aikinsu. Tocilar shuɗi ce ke tona su, wurin da aka liƙa da gam aka sake fenti yana haskawa da launi daban da sauran jikin. A wata rumfa na ga zomayen SylvaC kore har guda shida, girmansu ɗaya, dattinsu ɗaya. Kamfanin da ya ƙirƙiro su ya durƙushe a 1982, jabunsu kuma sun cika kasuwa har da tambarin a gindi. Ana gane na jabu da dusashewar zanen gashi da ido, da ɗan ƙanƙanta saboda daga jikin na asali aka ɗauki zubinsu, da tsage-tsagen sheƙi da suka rufe jiki daidai wa daida kamar da gangan. Na asali gindinsa ya goge a wuraren da yake taɓa kanta, gogewar shekaru ba ta zuwa a tsare. Ban ce wa mai rumfar komai ba, na wuce.

Ni dai dama ba na sayen mutum-mutumi, kuma duk wanda ke kiyaye wannan zai tarar kusan rabin kayan wannan salon dabbobi ne da fuskoki, wani kason kuma kayan shan giya, kamar kofunan Babycham masu hoton barewa. Abarbar ma don ƙanƙarar giya aka yi ta, ko da yake ba ta ƙi dabino ko alewa ba. Hoton matar nan mai koren fuska da Vladimir Tretchikoff ya zana a farkon shekarun 1950 yana nan a rumfuna da dama; na asalin an yi gwanjonsa a Landan a 2013 a kan kusan fam miliyan ɗaya, na rumfa kuwa bugu ne a kan kwali, kuma abin dubawa a jikinsa shi ne ko rana ta cinye launin ya koma shuɗi-shuɗi. Abin da ya wajaba kowa ya guje wa shi ne hauren giwa. Dokar hana cinikinsa ta fara aiki a Birtaniya a Yuni 2022, ƙetare iyaka da shi kuma wata fitinar ce. Ƙotar tsofaffin wuƙaƙen tebur masu ruwan madara yawanci roba ce, amma idan akwai shakka a bar su.

Kayan lantarki na cikin ɗaki na same su, inda akwai soket. Wutar Ingila da ta Najeriya ƙarfinsu ɗaya, filoginsu ma iri ɗaya ne mai ƙafa uku, don haka abin da ya yi aiki a can zai yi a gida. Na Amurka ne ke buƙatar taransifoma. Amma tsohuwar waya abin tsoro ce. Idan an buɗe filogi aka ga ja da baƙi da kore, wayar ta girmi farkon shekarun 1970, sai an sauya ta. Filogin da ƙafafunsa biyu ba su da baƙar roba a gindi shi ma tsohon yayi ne, fis ɗin fitila kuma amfiya 3 ya kamata ya zama, ba 13 ba. Ɗan kasuwa mai kula yana liƙa takardar shaidar gwaji da kwanan wata. Fitilar nan mai narkakken kaki da ke hawa da sauka, wadda Edward Craven Walker ya fito da ita a 1963, ba ta gwaduwa a rumfa saboda tana ɗaukar fiye da awa guda kafin ta yi zafi. Abin da za a iya dubawa shi ne ruwan: idan ya yi hazo an girgiza ta da zafi, kuma da wuya ya washe. Da zafin ƙwan lantarki take aiki, ƙwan LED ba ya motsa ta, ga shi kwalba ce cike da ruwa, ba kayan akwati ba. Na bar ta na koma kan agogon Metamec mai tsinkayen katako da tagulla. Na buɗe gidan batir na ga farin gari da kore a jikin ƙarfen, alamar tsohon batir ya zuba. Da na sa nawa batirin bai motsa ba, wannan ya sauko da shi daga fam 55 zuwa 40. Sabon inji na batir fam 6 ne, sai dai a auna tsawon sandar da hannayen agogo ke hawa kafin a saya, kuma tsofaffin hannaye ba kullum suke shiga sabon inji ba. A ƙirga tsinkayen ma, a girgiza kowanne, domin ɗaya da ya ɓace ya fi injin wuyar samu.

Wajen kwanonin ƙarfe masu rufin tangaran ne na tsaya na yi dariya. Wani kwano fari mai zanen ganye ruwan lemo, na kamfanin Cathrineholm na ƙasar Nowe, an sa masa fam 85. Kusa da shi ga langa da fanteka masu manyan furanni, irin waɗanda iyayenmu suka yi jere da su, waɗanda aka riƙa shigowa da su daga Hong Kong da gabashin Turai kafin a fara yin su a Najeriya. Na tura wa gwaggona hoton da farashin, ta amso da murya: “Ke 'yar nan, kaji ne ke shan ruwa a irinsa a gidan nan.” Irin waɗannan mayen ƙarfe na kama su, wanda ke bambanta su da alminiyon da aka yi wa fenti. Ɓantara a baki ko a gindi ba komai, amma ta cikin kwano tana tsatsa. A ɗaga a saitin rana a nemi huda, a kuma kula da wurin da aka toshe da fentin farce.

Batun ci a cikin waɗannan kayan yana buƙatar tsayawa. Launuka masu kaifi na wancan zamani, musamman ja da lemo da rawaya, ana iya samun dalma ko kadmiyom a cikinsu, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon wa'azi. Abu mai tsami ne ke jawo su, wato miyar tumatir, tsamiya, zoɓo, lemon tsami. Tsarin da na bi shi ne duk abin da launi ke cikinsa, ko sheƙinsa ya tsattsage, na ado ne ko na busassun kaya masu leda. Kwanon da cikinsa fari ne zanen na waje, ana iya zuba abinci, amma ba na yara ba. Kofunan roba mai tauri irin na Melaware ba sa shiga maikurowef, idan sun karce sosai kuma a bar su a kanta. Koren gilashin da ke haskawa ƙwarai a ƙarƙashin tocilar shuɗi yana da yuraniyom kaɗan, masu tara shi na biyan kuɗi a kai, wurinsa kabad.

Da azahar ƙafa ta gaji, ido ma ya daina bambance mai kyau da marar kyau, a nan ne ake sayen abin da ba a shirya ba. Motocin abinci yawancinsu naman alade ne a burodi, abin da na iya saya shayi ne da soyayyen dankali, fam 9, gara mutum ya zo da guzurinsa. Babu ɗakin salla, a gefen mota na shimfiɗa sallaya, kuma ya kyautu a zo da gorar ruwa don alwala, layin banɗakin mata yana da tsawo. Daga ƙarfe biyu masu rumfar fili suka fara naɗe kaya ko da yake an rubuta ƙarfe huɗu za a tashi. Wannan ne lokacin araha ga manyan abubuwa da mai su ba ya son sake lodawa, nan na sami tiren gwangwani mai zanen furanni a fam 5. Amma shi ne kuma lokacin da ya kamata a riga an karɓo ajiya, kada a je a tarar da wurin wayam. Kayan da na saya sun tashi fam 133. Da aka haɗa tikiti da mai na fam 25 da abinci da injin agogo da robobin murfi na fam 5, lissafin ya kai fam 188, wato kusan kashi uku cikin goma na kuɗin ba a kan tebur aka kashe su ba.

A gida wanki da hannu ne, ruwa mai ɗumi da sabulun kwanuka da soso mai laushi, a shimfiɗa tawul a gindin wurin wankin. Injin wanke kwanuka da soson ƙarfe da bilic duk suna kashe launi. Baƙin maiƙon da ya daskare a lungun hannun Pyrex yana fita da hodar baking soda da tsinken sakace. Farin zoben da ruwa ya bari a cikin tulun fure a jiƙa shi da farin binega ya kwana. Kafin a sa fure a tulun, a cika shi da ruwa a ɗora kan jarida zuwa safe, wasu suna tsattsafo ta gindi su ɓata katako. Murfin katako ba a jiƙa shi, gogewa ake yi a shafa ɗan mai. Pyrex kuma na oben ne, ba a ɗora shi kan gas ko gawayi, ba a kuma fito da shi daga firij a jefa cikin zafi, sauyin zafi na farat ɗaya ne ke tarwatsa shi.

Mai niyyar kai kayan gida ya sani cewa tun 1 ga Janairu 2021 baƙi ba sa karɓar harajin saye a filin jirgin Birtaniya, don haka kada a sa wannan a lissafi. Akwati ɗaya a yawancin jirage kilo 23 ne, gilashi da tangaran kuma nauyi gare su, a auna su tun kafin a fara shiri. Kowane abu a naɗe shi shi kaɗai, murfi daban kwano daban, a cusa tufafi a cikin kwanon kada ya zama fanko. Faranti a tsaye ake jera su da kwali a tsakani, ba a kwance ba, a tsakiyar akwati, da tufafi aƙalla faɗin yatsu huɗu ta kowane gefe. Tsinkayen agogo da yawa kwancewa suke da sukurudireba, a ɗauki hoto kafin a kwance, a zuba sukurorin a leda a liƙa a bayan agogon, a cire batir. Idan ta hannun masu aika kaya da awo za a bi, kwali biyu ake yi, ƙarami a cikin babba da abin cushe a tsakani, a kuma tambaye su tun farko ko suna biyan diyyar abin fashewa, domin da yawansu ba sa biya. Rasit ɗin nan su tafi a jakar hannu, ba a cikin kwalin ba, saboda su ne za a nuna wa kwastam idan an tambayi kuɗin kayan.